Sankarar tumbi da danƙon da ke riƙe ƙwayoyin jiki

Idan an taɓa yi maka binciken tumbi, ko kana jinyar wanda aka yi wa, wataƙila an miƙo maka takarda cike da kalmomin Faransanci waɗanda ba wanda ya tsaya ya fassara maka su. Wannan shafi zai yi maka bayanin wani abu guda da ke bayan waɗannan kalmomi, wato danƙon da ke manne ƙwayoyin cikin tumbi da junansu, da abin da ke biyo baya idan ya saki. Sanin wannan zai nuna maka dalilin da ya sa wani irin sankarar tumbi yake ɓuya har ga idon likita, da dalilin da ya sa ake tambayar ka tarihin danginka.

Ba ƙaramar cuta ba ce. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane wajen 968,000 suka kamu da sankarar tumbi a duniya, wajen 660,000 kuma suka mutu da ita. Ta fi yawa a Japan da Koriya ta Kudu da Mongoliya da Sin.

Yadda cikin tumbi yake

Tumbi jaka ce ta tsoka wadda take zubo ruwa mai tsami ƙwarai, mai iya narkar da nama. Abin da ya hana ruwan nan cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi da ya lulluɓe cikinsa, da kuma wata shimfiɗa da ke ƙarƙashin yauƙin. Shimfiɗar an yi ta ne da ƙwayoyin jiki, wato ƙananan halittun da ba a ganin su sai da madubin likita, waɗanda da su aka gina jikin mutum gaba ɗaya. A jere suke, sahu ɗaya tak, kafaɗa da kafaɗa, kuma cikin ƴan kwanaki na sama suke mutuwa sababbi su maye gurbinsu.

Ka ɗauki shimfiɗar nan kamar bangon tubali. Tubali komai kyansa ba ya tsayuwa sai da laka a tsakani. Lakar jiki wasu sinadarai ne na furotin da kowace ƙwaya take ƙerawa da kanta. Akwai mai ɗaure ƙwaya da maƙwabciyarta, ana kiran sa kaderin-E. Akwai mai toshe ƴar kafar da ta rage a tsakaninsu don kada ruwan tsami ya yoyo, ana kiran sa kulodin. Akwai kuma mai kafe ƙwayar a kan daɓen da take tsaye, shi ne integirin. Na farkon shi ne ya fi shafar zancenmu.

Wani masani ɗan Japan, Masatoshi Takeichi, shi ne ya gano a shekarar 1977 cewa akwai wata hanyar mannewa tsakanin ƙwayoyin jiki wadda ba ta aiki sai da sinadarin kalsiyam, kuma a 1984 shi da abokan aikinsa suka raɗa wa furotin ɗin sunan kaderin. Kamar ƙugiya yake. Ya ratsa bangon ƙwaya, kansa yana waje ya saƙale da ƙugiyar maƙwabciya, gindinsa kuma yana ciki an ɗaure shi da wasu furotin da ake kira katenin, su kuma sun ɗaure shi da ƙashin bayan ƙwayar. To amma aikinsa ya wuce na laka. Ta hanyarsa ne ƙwaya take sanin ina ne samanta ina ne ƙasanta, kuma ta hanyarsa take jin cewa wuri ya cika, ta daina hayayyafa. Idan ya ɓace, ƙwayar ta rasa mariƙi kuma ta rasa mai tsawata mata. (Kada ambaton kalsiyam ya sa ka zaci shan nono zai gyara wannan. Matsalar ba ƙarancin kalsiyam a abinci ba ce.)

Iri biyu na sankarar tumbi

A shekarar 1965 wani likitan binciken tsoka ɗan ƙasar Finlan, Pekka Laurén, ya raba sankarar tumbi gida biyu bisa ga yadda take bayyana a madubi, kuma har yau ana aiki da rabon nasa.

Iri na farko shi ne mai kama da hanji. A cikinsa ƙwayoyin sun lalace amma suna nan manne da juna, don haka sukan taru su yi ƙullutu ko gyambo mai kaurin baki wanda na'ura take gani. Ya fi kama maza da masu manyan shekaru, kuma a hankali yake zuwa: kumburin tumbi na shekara da shekaru, sannan shimfiɗa ta siraice, sannan ta rikiɗe ta yi kama da ta hanji, daga ƙarshe sankara. Likita ɗan Kolombiya Pelayo Correa ne ya tsara waɗannan matakai a 1975.

Iri na biyu shi ne mai bazuwa, kuma a nan ne danƙo ya saki. Ƙwayoyin ba sa taruwa. Kowace takan zame ita kaɗai ko cikin ɗan ƙaramin gungu, ta nutse ƙarƙashin shimfiɗa, ta bi cikin bangon tumbi kamar yadda gara take cin azara ta ciki alhali bayanta lafiya lau. Da yawa daga cikinsu sukan cika da yauƙi har ya tura cibiyar ƙwayar gefe guda, sai a madubi ta yi kama da zobe mai kai. Wannan iri yakan kama matasa fiye da na farko, kuma mata ba su tsira daga gare shi ba. Idan ya mamaye bangon, tumbi yakan yi kauri ya sandare kamar tandu, ya daina buɗewa. Shi ya sa mai wannan cuta yakan ce loma uku ko huɗu sun ƙosar da shi, alhali da can yana cinye kwano. Kuma tun da ƙwayoyin a sake suke, sukan fita su watsu a cikin ramin ciki, ciki ya tara ruwa, a wajen mata kuma su sauka kan ƙwan mahaifa.

Ga abin da ya kamata ka riƙe sosai. Na'urar hangen cikin tumbi, wadda ma'aikatan lafiya suke kira fibroskopi, fuskar shimfiɗa kawai take gani. Iri mai bazuwa yana iya kasancewa a ƙarƙashi fuskar kuma ta nuna ja kaɗan ko ma ba ta nuna komai ba. Ko ɗan naman da aka tsinko don bincike yana iya fitowa babu cuta, idan an tsinko shi daga sama ko daga wuri ɗaya. Saboda haka, idan an ce maka fibroskopi bai nuna komai ba amma kana ci gaba da ramewa da saurin ƙoshi, ka koma. Neman a sake dubawa, a tsinko nama daga wurare da yawa, ko a yi hoton sikana, ba rashin kunya ba ne ga likita.

Ta yaya danƙon yake ɓacewa?

Umarnin ƙera kaderin-E yana rubuce cikin wata ƙwayar gado mai suna CDH1. Kowane mutum yana da kwafi biyu nata, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kwafi ɗaya mai lafiya yana isa. Sai duka biyun sun daina aiki a cikin wata ƙwayar tumbi sannan danƙo yake saki. Wani lokaci rubutun ne yake gurɓata a cikin ƙwayar, kuma an sami haka a kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na sankara mai bazuwa. Wani lokaci rubutun yana nan daidai amma an garƙame shi da wani sinadari, kamar littafin da aka kulle a akwati, ƙwayar ba ta iya karanta shi. Hanya ta uku ita ce a ƙera furotin ɗin lafiya, wani abu ya zo ya datse shi.

A hanya ta biyu da ta uku akwai hannun wata ƙwayar cuta mai zama cikin tumbi, Helikobakta pilori. Likitoci biyu ƴan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka raino ta a ɗakin bincike a 1982 suka nuna cewa ita ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. A 1994 hukumar binciken sankara da ke birnin Liyon na Faransa ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Akan ɗauke ta tun ana yara, a gida mai cunkoso da inda ruwan sha ba shi da tsabta, kuma takan zauna tsawon rai idan ba a kashe ta ba. Tana fitar da wani sinadari mai yanke kan kaderin-E kamar almakashi, wasu irinta suna cusa wa ƙwayar tumbi wani furotin mai wargaza ɗaurin daga ciki, kumburin da take jawowa kuma yana taimakawa wajen garƙame CDH1. An ga cewa bayan an kashe ta da magani, kullen yakan sassauta a wajen mutane da yawa.

Wannan ƙwayar cuta ta yi yawa a ƙasashenmu. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya buga bincike a 1992 da ya nuna fiye da mutum takwas cikin goma na waɗanda aka gwada a arewacin Najeriya suna ɗauke da ita, amma sankarar tumbi da ake gani a asibiti ba ta da yawa. Ya kira wannan abin mamakin Afirka. An kawo dalilai iri-iri, kamar bambancin abinci da na irin ƙwayar cutar. Wasu masana daga baya suka ce babu wani abin mamaki: inda na'ura ba ta da yawa, kuma mutane suna mutuwa a gida ba tare da an san abin da ya kashe su ba, dole lissafi ya yi ƙasa. Wannan magana tana da ƙarfi. A Nijar sai a 1992 aka buɗe rajistar masu sankara a Yamai, kuma rajista ba ta ƙirga wanda bai iso asibiti ba. Kada ka ɗauka cewa cutar mutanen Asiya ce kaɗai. A lokaci guda kada ka firgita: mafi yawan masu ɗauke da Helikobakta ba za su taɓa yin sankara ba.

Idan abin na gado ne

A ƙasar Niyu Zilan akwai wani babban dangi na ƙabilar Mawori da sankarar tumbi ta addaba. Cikin shekara 30 ta kashe musu mutum 25, mafi ƙanƙanta yana da shekara 14. Mutanen dangin da kansu suka nemi masana na jami'ar Otago, suka tattara sunayen kakanni da na mamata, suka ba da jininsu. A 1998 Parry Guilford da abokan aikinsa suka sanar da abin da suka gano: ana haifar wasu ƴan dangin da kwafi ɗaya na CDH1 a lalace. Wanda aka haifa haka da kwafi ɗaya yake rayuwa a kowace ƙwaya ta jikinsa, kuma ranar da wannan ya kulle a wata ƙwayar tumbi, babu na biyu da zai tare.

Daga baya an sami irin waɗannan dangogi a ƙasashe da yawa. Duk da haka kaɗan ne, kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na dukan sankarar tumbi. Idan uwa ko uba yana ɗauke da lalataccen kwafin, kowane ɗa ko ɗiya yana tsakanin gada da rashin gada, rabi da rabi. Iyaye ɗaya ya isa, don haka wannan ba laifin auren zumunci ba ne, kuma ba dalili ba ne na zargin uwar ƴaƴa. Ba a kuma ɗaukar sankara ta hanyar cin abinci tare da mai ita.

Ba duk wanda ya gada yake kamuwa ba. Lissafin 2015, wanda aka yi kan dangogin da cutar ta fi yi wa ɓarna, ya ce maza 70 da mata 56 cikin 100 za su kamu kafin shekara 80. Lissafin 2019, wanda ya haɗa dangogi iri-iri, ya sauko zuwa maza 42 da mata 33. Mata masu wannan gado suna kuma cikin haɗarin wani irin sankarar nono wanda shi ma rashin kaderin-E ne alamarsa, kuma shi ma ba ya yawan yin ƙullutu sosai. A wasu dangogin akan ga jarirai masu tsagaggen leɓe ko ganda.

Ƙa'idojin da masana suka sabunta a 2020 sun ce a yi tunanin gwajin gado idan mutum biyu ko fiye na kusa a dangi sun yi sankarar tumbi kuma an tabbatar ɗaya iri mai bazuwa ne, ko idan mutum ya yi iri mai bazuwa kafin shekara 50. Wanda gwaji ya nuna ya gada, kuma cutar tana cikin danginsa, akan ba shi shawarar a cire tumbin gaba ɗaya tun yana lafiya, yawanci tsakanin shekara 20 da 30. Shawara ce mai nauyi, kuma dalilinta shi ne ɓuyar da muka ambata: a cikin tumbin da aka cire daga irin waɗannan mutane kusan kullum akan tarar da ƙananan ɗigon sankara waɗanda na'ura ba ta gani ba. Ana rayuwa ba tare da tumbi ba. Akan haɗa maƙoshi da hanji, mutum ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, yana karɓar bitamin B12 tsawon rai. Wanda bai yarda da fiɗa ba akan duba shi da na'ura kowace shekara. Gwajin gado yana da tsada kuma ba kowane asibiti yake yin sa ba, amma tarihin dangi ba ya cin ko dala.

Abin da takardar bincike take nufi

Naman da aka tsinko akan kai shi ɗakin binciken tsoka, wanda ma'aikata suke kira anapat. Idan ka ga an rubuta type intestinal, iri na farko ke nan. Idan ka ga type diffus, ko cellules indépendantes, ko bague à chaton, iri mai bazuwa ake nufi, kuma kalmar linite tana nufin tumbin da ya sandare. A wasu ɗakunan bincike akan rina naman da wani rini mai kama kaderin-E kaɗai. A nama mai lafiya rinin yakan zagaye kowace ƙwaya, abin ya yi kama da saƙar zuma. A nama mai cuta zanen yakan dushe, ko ya kakkarye, ko ya ɓace. Bincike da yawa sun nuna cewa inda ya ɓace cutar ta fi nutsewa da yaɗuwa. Sai dai wannan rini ba shi ne yake yanke irin maganin da za a ba ka ba, kuma har yanzu babu maganin da ke mayar da danƙon da ya saki. Abin da ya fi komai nauyi shi ne matakin da aka tarar da cutar. Idan tana kan shimfiɗa ba ta nutse ba, fiye da mutum 90 cikin 100 suna wuce shekara biyar bayan fiɗa. Wannan ne ya sa Japan da Koriya ta Kudu suke duba tumbin manya masu lafiya a kai a kai.

Akwai gwajin jini mai suna CEA, a Faransanci ACE, wanda aka gano a Kanada a 1965. Shi ma furotin ne na mannewa. Yana taimakawa wajen bin sawun cuta bayan magani, amma ba ya tabbatar da ita kuma ba ya kore ta. Kada ka kashe kuɗinka a kansa da nufin sanin ko kana da sankara.

Inda aka sami ci gaba shi ne wajen kulodin. Akwai wani irinsa, kulodin 18.2, wanda a tumbi mai lafiya yake ɓoye cikin matsatsin da ke tsakanin ƙwayoyi. Idan sahu ya wargaje sai ya fito fili, ya zama abin bara. An ƙera magani mai suna zolbetuximab wanda yake kama shi ya kira sojojin jiki su kashe ƙwayar, kuma Japan da Amurka sun amince da shi a 2024. Wajen kashi 38 cikin 100 na majinyatan da aka gwada suna da isasshen kulodin ɗin. A manyan gwaje-gwaje biyu, ƙara shi kan maganin shimiyo ya tsawaita rai da wata biyu zuwa uku a matsakaici. Ci gaba ne na gaskiya, amma ba waraka ba ne, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Wanda ya ce ka sayar da gona don wani sabon magani, ka tambaye shi wata nawa ake sa ran zai ƙara.

Yaushe za ka je gidan likita?

A farkonta sankarar tumbi kama take da olsa, kuma nan ne ake asarar lokaci. Mutum yakan yi wata da watanni yana jiƙa kanwa, ko yana sayen omeprazol a hannun masu talla. Zafin yakan lafa, domin maganin yana rage tsami, cutar kuma tana tafiyarta. Ka je a duba ka ba tare da jinkiri ba idan ciwon saman ciki ya zo tare da rama ba dalili, ko saurin ƙoshi, ko amai mai maimaituwa, ko abinci yana tsaya maka a ƙirji, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ƙarancin jini da ba a san dalilinsa ba. Haka kuma idan ciwon ya fara maka ne bayan ka manyanta, ko ka sha magani daidai bai tafi ba, ko akwai mai sankarar tumbi a cikin iyayenka ko ƴan'uwanka.

Ana gano Helikobakta ta gwajin bayan gida, ko na numfashi, ko a naman da aka tsinko. Ka faɗa wa likita abin da kake sha, domin omeprazol cikin mako biyu kafin gwaji, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin mako huɗu, yana iya ɓoye ta. Maganinta haɗi ne na magunguna uku ko huɗu na kwana 10 zuwa 14, kuma dole a shanye shi duka, sannan a sake gwaji don a tabbatar ta mutu. Kashe ta yana rage haɗarin sankara da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Barin taba da rage gishiri, har da na dunƙulen miya, suna ƙara rage shi.

Ka fara daga cibiyar lafiya ta CSI ko asibitin gunduma, ka nemi takardar turawa zuwa babban asibiti na jiharka, ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ka tambayi inda ake yin fibroskopi. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, wadda ta fara gashin sankara da na'ura a 2021. Kafin ka tafi, ka zauna da dattawan gida ku rubuta sunayen duk waɗanda suka rasu da ciwon ciki mai ramarwa, ta wajen uwa da ta wajen uba, da shekarun kowa lokacin da ya kwanta. Idan an tsinko nama, ka tabbata an kai shi anapat, ka koma ka karɓi sakamakon da hannunka, ka ajiye kwafinsa. Ka kuma tambaya ko za a adana ɗan naman da aka daskarar cikin kaki, domin da shi ake yin rinin kaderin-E ko na kulodin idan an buƙace su daga baya, ko da a wani asibiti ne.